Kaset ɗin Inna da Dutsen da Aka Huda

Sau biyu na taka ƙasar Makka. Na farko ban san na je ba, don a goye nake a bayan Inna. Na biyu kuwa da ƙafata na je, furfura ta fara fito mini, a shekarun nan na tamanin, bayan farin da ya sa kogin Gashua ya kasa kaiwa gaɓa. Tafiyar da ta ci wa iyayena shekara huɗu, ni tsakanin hantsi da la'asar na yi ta. Amma kada wani ya ce muku don hanya ta gajarta an daina wahala.

Iyayena Fulani ne da suka zauna a gefen Gashua. Suka sayar da shanu suka kama hanyar gabas, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, suna tsayawa cirar auduga a Sudan don su sami guzuri. A can aka haife ni. Suna tare da 'yarsu ta fari, yayata Sa'adatu. Da aka gama aikin hajji za a juyo, sai agana ta kama ta, masu jirgin ruwa kuwa ba sa ɗaukar mai agana. Aka bar ta a hannun wata goggonmu da ta daɗe da zama a Makka, a kan baɗi za a dawo a ɗauke ta. Shekararta tara. Baffa, mahaifinmu, ya rasu a hanyar dawowa, Inna ta iso gida da ni kaɗai. Baɗin nan bai zo ba sai bayan shekara arba'in, kuma ni ya zo wa, don a lokacin idon Inna ya tafi, ƙafa ma ta ƙi.

Ku sani, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce, haka muka tashi muka tarar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan yayata a bakin Inna ba. "Waccan" take cewa. Sunan ma a bakin kawuna na ji shi.

Da maigidana Malam Buba ya biya mana kujera, na taso daga Nguru inda nake aure na je mata sallama. Ta ba ni gwangwanin man shanu, da ƙullin busasshen kifi, da kaset ɗin da wani maƙwabci mai rediyo ya ɗauki muryarta a ciki. Sannan ta biya mini hanya, ina maimaitawa kamar karatu:

"In kin gama safa da marwa, ki fita ta ƙofar Marwa. Za ki ga layin wanzamai, ki wuce su. Za ki tarar da rijiya inda masu jakuna ke ɗiban ruwa. Daga rijiyar ki hau dutse. Gida na uku a hannun dama, ƙofarsa shuɗiya ce, akwai turken awaki a bakinta. Ki ba waccan wannan, ki ji abin da za ta ce. In ta yafe mini, ki kawo mini in ji kafin in kwanta."

Na ce to. Ban yi shakka ko ɗaya ba. Mu a garinmu in aka yi maka kwatance da tsamiya, jikanka ma zai je ya same ta. Balle rijiya, balle dutse.

Zangon farko Jidda. Muka sauka ƙarƙashin wasu rumfuna farare, manya, kamar an kafa wa aljannu laima, ba bango, iska na shiga ta ko'ina. Aka ce don alhazai kawai aka gina su, kuma ba a daɗe da gamawa ba. Inna ta ce su a bakin teku suka kwana arba'in a kan yashi, ana yi musu allura kamar dabbobi. Ni ga ni a inuwa, ga famfo, ga makewayi mai ruwa, amma na rasa gabas. Ban taɓa rasa gabas ba a rayuwata sai ranar. Na zauna a kan jakata na riƙe ƙullin Inna, kowa na wucewa da yarensa.

Nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Yagana, Babarbariya mai sayar da kifi a kasuwar Nguru, wannan zuwanta na biyu. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Wa ya kwance wannan Bafillatanar daga daji? Tashi, baiwata, kafin ki bi wasu Turkawa ki ɗauka garke ne."

Na ce, "Ke da warin kifinki ya riga ki sauka daga jirgi? Ai ko na ɓata, hancina zai kawo ni wurinki."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Wasan Fulani da Barebari ne ya riƙe ni a ƙasar nan. Maigidana yana can wajen maza, sai mu yini biyu ban sa shi a ido ba. Yagana ce uwata, ita ce ubana.

Zango na biyu Madina. Aka zuba mu a manyan motoci masu sanyi, muka kama wani titi mai faɗi, sumul, ba rami, ba kwana, mota na gudu kamar ba ta taɓa ƙasa. Ta taga ina hango duwatsu baƙaƙe da fili ba ko ciyawa. Na tuna Inna ta ce a hanyar nan ne raƙumin da suka yi haya ya durƙusa ya ƙi tashi, Baffa ya saɓa Yaya a wuya, ita ta goye ni. Na yi ta dubawa ko zan ga inda abin ya faru. Yagana ta ce, "Me kike nema, saniyarki ce ta ɓata?" Na ci gaba da duban hanya. Ta dube ni, ta ɓare lemo ta ba ni rabi.

Zango na uku Makka. Ranar da na ga Ɗakin Allah ba zan iya ba ku labarinta ba, bakina bai kai ba. Abin da zan faɗa shi ne safa da marwa. Inna ta ce kasuwa ce, ana gudu tsakanin masu sayar da turare da jakuna, rana na dukan ka, ƙasa na ƙona ƙafa. Ni na tarar da wani dogon zaure, sama da ƙasa, an shimfiɗa farin dutse mai santsi, fankoki na juyawa, har da hanyar da aka ware wa masu tura tsofaffi a keke. Zamzam da ta ce da guga ake ja, famfuna ne a jere. Na sha, na gode wa Allah, amma na fara shakkar kwatancen Inna.

Muka fita ta ƙofar Marwa, sai ga wanzamai! Layi guda, suna ta aske kawunan maza. Na kama hannun Yagana na ce, "Kin gani? Inna ba ta mantuwa." Muka wuce su. Inda rijiya za ta kasance, kwalta ce, motoci na tsere, ga wata gada a sama wasu motocin na bi ta kanta. Na ɗaga kai in ga dutse. Dutse yana nan, amma an yanke masa fuska kamar an yanka kabewa, an huda cikinsa baki biyu, fitilu a ciki, motoci na shiga suna ɓacewa. Ba gida, ba ƙofa, ba akuya.

Na tsaya a bakin titi na sake biya karatun Inna tun daga farko, wai ko na tsallake wani wuri. Na koma ƙofar Marwa na sake tahowa. Sau uku ina yi. A na ukun Yagana ta riƙe mini mayafi ta ce, "Dije, ya isa. Ba ke kika ɓata ba. Unguwar ce ta tashi."

Washegari muka shiga tambaya wurin mutanenmu mazauna can, masu sayar wa alhazai tuwo da shinkafa a gefen hanya. Kowa sai ya ce, "Sa'adatu wacce? Uwar wa?" A can mace da sunan ɗanta ake kiranta, ni kuwa ban san ko ta haihu ba. Ana cikin haka wani mutum mai farar jallabiya da haƙorin zinariya ya matso. Hausarsa tas, har da gaisuwar Fulatanci ya yi mini.

"Hajiya, Sa'adatu ta dutsen bayan Marwa? Bafillatana? Ai maƙwabciyar gyatumata ce. Kullum maganarta ke nan, wai ko wani zai zo daga gida."

Yagana ta taka mini ƙafa. Ban kula ta ba. Mutum ya ce ya san yayata, ina zan ji takun ƙafa? Kafin mu kai inda za mu, na zazzage masa labarin gaba ɗaya, agana, jirgin ruwa, goggo, Gashua. Ya bar mu a bakin wani lungu, ya shiga, ya jima, sannan ya fito ya ce mu shigo.

Wata mace ce a zaune, fara, siririya, shekarunta za su yi daidai. Tana ganina ta fashe da kuka ta rungume ni. Ni ma na yi ta kuka. Na miƙa mata man shanu da kifi, mutumin ya karɓa ya shige da su ciki. Ta tambayi ko Inna ta aiko da zinariya ko wani abin hannu, don tana cikin matsi. Na ce sai kaset. Ta share hawaye ta ce:

"Wayyo Inna! Har yau muryarta na kunnena. Da safe ta leƙo ta ce, Sa'adatu, tashi ki ɗebo ruwa. Sa'adatu, zo ki ci tuwo."

Kukana ya tsaya cak. Na dubi fuskarta da kyau. Sumul, ko ɗigon zanen agana babu. Na mayar da kaset cikin lalitata na ɗaure, na miƙe.

Na ce, "Baiwar Allah, uwar da ta kira ki haka ba ita ta haife ni ba. Ki ci man, Allah ya sa ya zame miki magani."

Muka fito. Ina jira Yagana ta yi mini tsiya, don ta samu abin yi na shekara. Ba ta yi ba. Sai da muka kusa masauki ta ce, "Kifin nan dai a wurina aka saya, na san shi. Duk ƙaya ne. Allah ya sa ya maƙale musu."

Kwanakin hajji suka zo, muka fita Mina, muka hau Arfa. Inna ta ce a kan raƙumi suka je, ruwan sha a salka, ana rabawa da murfin ƙwarya. Mu motoci ne a jere ba iyaka, tankokin ruwa suna bi suna raba ƙanƙara. Wurin jifa ma gada aka yi masa, wasu na jifa a sama wasu a ƙasa, duk da haka sai da aka matse ni na rasa takalmi ɗaya. Wata tsohuwa 'yar Indunusiya, guntuwa, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta ciro silifa daga jakarta ta durƙusa ta sa mini da hannunta. Sun yi mini kaɗan, dunduniyata a waje, amma da su na ƙarasa. A Arfa kowa na roƙon Aljanna, ni ma na roƙa, amma abin da na fi maimaitawa shi ne kada Allah ya mayar da ni Gashua da kaset ɗin nan ba a saurare shi ba.

Da za mu dawo daga Mina motoci suka cushe, aka ce mu taka ta hanyar cikin dutse da aka yi wa masu ƙafa. Doguwa ce, wasu manyan fankoki na ruri a sama kamar jirgin ƙasan Nguru zai tashi. A tsakiya jiri ya ɗebe ni, na jingina da bango. Wani dattijo mai shara, da rigar ma'aikata, ya ajiye tsintsiya ya kawo mini ruwa. Yagana ta ga zanen fuskarsa ta yi masa Barbarci, ya amsa. Ashe mutumin wajen Machina ne, Baba Modu, ya fi shekara talatin a can. Ya ce kafin ƙarfinsa ya ƙare, da shi aka fasa duwatsun nan, yana cikin masu kwashe ɓaraguzai a bayan katafila.

Na ce, "Baba, da kai aka fasa na bayan Marwa?"

Ya ce, "Da ni, 'yata. Mu muka ɗora wa mutanen kayansu a mota. Wata tsohuwa ma ta ƙi tafiya sai da aka cire mata ƙofar gidanta aka ɗora. An ba su diyya, Fulanin cikinsu suka koma bayan gari wuri ɗaya. Ki hau motar da ke shiga hudar dutsen nan, ki sauka inda ta juya."

"Ƙofar wace iri ce?"

Ya yi dariya. "Hajiya, ni da na kwashe ƙofofi sun fi gashin kaina?"

Saura kwana biyu jirginmu ya tashi. Na gaya wa maigidana, ya ce in dai da Yagana ne in je, amma kada in ƙara ba kowa komai. Yagana ta ɗauko sabuwar rediyo mai kaset da ta saya tsaraba, ta zuba mata batir. Da hantsi muka hau motar. Ta kutsa cikin dutsen Inna, kafin in gama salati uku mun fito ta bayansa. Dutsen da Inna ta ce sai ta huta sau biyu kafin ta kai gida na uku.

Unguwar gidajen bulo ce a kan tudu, awaki na yawo suna cin kwali. Na duba ƙofofi, duk na ƙarfe ne. Muka tambayi Sa'adatu, aka nuna mana biyu, ɗaya Bazabarma, ɗaya yarinya. Sai Yagana ta samu inuwa kusa da inda mata ke layin ɗiban ruwa a mota, ta dire rediyo, ta ƙure murya.

"Tunda bakinki ya kasa, bari tsohuwa ta yi cigiyarta da kanta."

Muryar Inna ta tashi a unguwar nan. Ta yi tari, ta yi sallama, ta gai da mutanen gida. Ta ce kogi bai cika ba bana. Ta ce jar saniyar da aka bari wurin kawu jikokinta sun kai goma sha. Ta faɗi garin da aka binne Baffa. Ta yi ta kewaye-kewaye, ba suna, ba komai, har na fara jin haushinta. Mata suka taru suna saurare. Can ta ce:

"A gaya wa waccan, ranar da muka sauko daga dutse na ji takunta a bayana har rijiya. Ban waiwaya ba. Na san in na waiwaya ba zan tafi ba, ga ta goye ba lafiya, ga ubansu ya yi gaba. Ban waiwaya ba, amma tun ranar wuyana bai daina ciwo ba. In ta yafe, to. In ba ta yafe ba, tana da gaskiya."

Wata mata a ƙarshen layi ta ajiye jarkarta. Baƙin mayafi ne a jikinta irin na Larabawa, ta tsufa fiye da yadda na zata. Ta matso ta tsuguna a gaban rediyo. Fuskarta duk zanen agana.

Ta ce da wata Hausa mai nauyi, "A mayar da shi baya. Wurin tarin."

Yagana ta mayar. Matar ta saurari tarin nan sau biyu. Ni kuwa an riga an cuce ni sau ɗaya, sai na daure na ce, "Baiwar Allah, ba a ambaci sunan kowa a ciki ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Ina za ta ambata? Ni ce ta fari. Ko ranar da nake bin ta ina kuka ba ta kira ni ba." Ta kai hannu ta taɓa kunnena na hagu. "Ke ce Dije. Nan akuyar Goggo ta cije ki."

Tabon yana nan har yau, ga shi. Inna ta ce mini faɗuwa na yi.

A can Ummu Salihu ake kiranta. Goggo ta rasu shekara biyu bayan an tashe su daga dutsen. Yaya ta kai mu gidanta, a tsakar gida na ga wata tsohuwar ƙofar katako jingine da bango, an yi wa awaki shinge da ita. Fentin ya kusa ƙarewa, amma a gefe-gefe shuɗi ne. Ta dafa mana shayi, ta yi ta tambayata sunayen mutanen da suka mutu tun ban yi wayo ba. Na ce ta zo mu tafi, yanzu ai yini ɗaya ne. Ta girgiza kai. Ba ta da takardar ko'ina, 'ya'yanta da jikokinta duk a nan, babban ma direban motar alhazai ne. Ta ce, "Da hanya na da nisa ina da ƙafa. Yanzu ta yi kusa, ni ce na yi saiwa."

Ta karɓi rediyo ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta juya kaset ɗin ta yi magana a bayansa. Ba ta daɗe ba. Da za mu rabu ta rako mu har inda mota ke juyawa. Na shiga, na zauna ta taga, na yi ta waiwaye har dutse ya haɗiye mu.

Na sauka a Maiduguri, ban wuce Nguru ba sai da na tsaya Gashua. Na tarar da Inna a gindin darbejiya da hantsi, tana jan carbi. Ta shafa fuskata, ta shafa haƙorin Makka da na sa. Ba ta tambayi 'yarta ba.

"Kin ga wanzaman?"

"Suna nan, Inna."

"Rijiyar fa?"

"Babu. Titi ne."

"Dutsen?"

"An huda shi. Mota ke bi ta ciki."

Aka aro rediyon maƙwabci, na sa kaset, na danna. Muryar Yaya ta fito, ta yi gaisuwa, ta lissafa 'ya'yanta, ta tsallake na farin, ta ce "babban". Sannan ta ce:

"Inna, na yi shekaru ina fushi. Ranar da na haifi babban, aka miƙo mini shi a gaban mutane na kau da kai, alhali kamar in haɗiye shi don so, ranar na gane. Na yafe tun tuni, na rasa wanda zan ba saƙon ne. Wuyanki ya huta."

Kaset ya ci gaba da juyawa ba magana. Inna ta lalubo rediyon ta ɗora a cinyarta, ta rufe shi da gefen zanenta kamar mai jin sanyi. Ta sunkuyar da kai dab da shi. A hankali, da muryar da ban san tana da ita ba, ta ce:

"Sa'adatu."

Ta ɗan saurara, kamar mai jiran a amsa. Ta sake cewa, "Sa'adatu."

Na tashi na shige ɗaki na bar su, don ni ma kunya ta kama ni.